Maɓallin Da Aka Ce Kada In Taɓa

  

Makon jiya wani ɗan kawuna da ke zaune a Jalingo ya bugo mini waya hankalinsa a tashe. Wai dattawan ƙungiyarsu sun damƙa masa kula da gidan yanar sadarwarsu, kuma duk sanda ya shiga sai ya ga saƙo a saman allo ana ce masa sabon zubin WordPress ya fito, ya sabunta. Tambayarsa ita ce ya matsa ko ya ƙyale. Na ce masa kada ya matsa a daren nan, kada kuma ya ƙyale. Kafin in gama bayani katinsa ya ƙare. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same ni, domin na san kusan duk garin da mutanenmu suka zauna akwai wani yaro irina da aka miƙa wa irin wannan kaya don kawai an ga yana yawan taɓa kwamfuta.

Ni ba injiniya ba ne. Iyakar karatuna sakandare, daga nan sai shagon Baba. Kakana daga ƙasar Ɗambatta ya taso, fataucin goro da tufafi ya kawo shi Mubi 'yan shekaru bayan ƙuri'ar 1961, wadda a cikinta mutanen wannan yanki suka zaɓi zama a Nijeriya maimakon Kamaru, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Baba a nan aka haife shi, ni ma haka. Harkarmu hatsi ce: wake, masara, gyaɗa. Ina jin Fillanci kamar yadda duk ɗan kasuwar Mubi ke ji. In na je Kano a ce ga ɗan Adamawa, in na dawo a ce ga Bakano. Mai karatu ya san wannan zama, ba sai na tsaya bayani ba.

Dalilin da ya sa ƙungiyarmu ta mallaki gidan yanar sadarwa ba gayu ba ne. Ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Ina da shekara 15 a lokacin. Kowa ya fita da abin da ke jikinsa, wasu suka bi duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa, wasu har Kano. An ƙwato garin cikin Nuwamba, mu kuma sai farkon 2015 muka dawo. Cikin abubuwan da ba mu tarar ba akwai littafin bashin Baba, da kuma babban littafin ƙungiya, wanda a ciki ake rubuta sunan kowane magidanci, da garinsu na asali, da wanda za a nema idan wani abu ya same shi, da kuɗin da yake zubawa a asusun taimako. Littafin ya girme ni. Da aka zo haɗa kan mutane sai aka rasa ta inda za a fara, don babu wanda ya san waye ya rasu, waye ya yi zamansa a Yola, waye har yanzu yake tsallaken iyaka.

Dattawa suka ce daga yau a sa sunayen inda wuta ba ta ci. A ƙarshen 2016 aka samu wani ɗalibi a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan ya gina mana gidan yanar. Akwai ɓangaren da kowa ke iya gani, inda ake sa sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da hotunan magabata. Akwai kuma ɓangaren da sai da kalmar sirri ake shiga, nan rajistar take, da lambobin wayar mutane. Ya yi aikinsa da zuciya ɗaya, ba zan ci amanarsa ba. Da ya gama karatu zai koma garinsu ya bar kalmar sirrin a 'yar takarda, ta zauna a aljihun ma'ajin ƙungiya har 2019 da aka miƙo mini ita. A ƙasan takardar ya rubuta gargaɗi guda: idan ka ga an ce ka sabunta, kada ka taɓa, komai zai lalace.

Na bi wannan gargaɗi shekara biyar cur. Har ma ina jin kaina mai riƙon amana.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, da yaren da na fahimce shi daga baya. WordPress manhaja ce ta gina gidan yanar sadarwa da sarrafa abin da ke ciki. Wasu mutum biyu, Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila, suka fito da ita a 2003, kyauta ce, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar duniya a kanta suke tsaye. Ka ɗauke ta kamar rumfar kasuwa. Akwai ginin rumfar, bango da kwano da ƙofa, wannan ita ce uwar manhajar, tana cikin burgamai biyu masu suna wp-admin da wp-includes da wasu 'yan jakunkunan bayanai a waje. Akwai kayan da ka zuba a rumfar, wato hotunanka, da rigar da ka sa wa gidan ta ba shi launi da fasali, da ƙananan manhajojin da ake maƙala masa don ƙarin aiki, waɗanda ni 'yan maƙale nake ce musu. Waɗannan duk suna cikin wp-content. Akwai littafin ciniki, wato rumbun bayanai, inda duk rubutu da sunaye suke. Sai kuma makulli, wata 'yar jaka mai suna wp-config.php da ke haɗa rumfar da littafin.

Sabunta uwar manhaja na nufin a ɗaye tsohon kwano da ƙofa a sa sababbi. Ba a taɓa hotunanka da rubutunka, sai dai wani lokaci a ɗan gyara tsarin layukan littafin. To me ya sa ɗalibin nan ya ji tsoro? Sai da na buɗe ciki na gane. Don ya faranta wa dattawa rai, ya shiga cikin jakunkunan uwar manhajar ya goge wasu kalmomin Turanci ya rubuta Hausa a madadinsu. Wato ya yi zanensa a jikin kwanon da za a ɗaye. Ya san ranar da aka sabunta duk wannan zai tafi, sai ya ƙara layi guda a cikin makullin ya kashe sabuntawar gaba ɗaya. Alhali tun zubi na 3.7, a 2013, WordPress da kanta take ɗinke ƙananan ɓarakar tsaro cikin dare ba tare da ta tambayi kowa ba. Shi ya ɗaure mata hannu. Muka zauna a kan zubi na 4.7 daga Disamba 2016 har Disamba 2024.

Cikin Nuwamba 2024 kamfanin da muke hayar uwar garke a wurinsa ya aiko wasiƙa cewa zai daina ɗaukar tsohon PHP, wato yaren da WordPress ke aiki da shi, kowa ya koma sabo. Namu 5.6 ne, wanda masu shi suka daina gyarawa tun ƙarshen 2018. Lokacin kaka ne, wake na shigowa daga ƙauyuka, daga asuba muna kan awo da ɗinkin buhu. Na karanta wasiƙar na ce sai na samu sarari.

Sararin bai zo ba sai waya ta zo. Wani dattijo cikin mutanenmu da ya koma Agege da zama ya bugo wa Baba, ba ni ba. Ya ce jikansa ya buɗe masa sanarwar rasuwar yayansa don ya ga hoton, sai ga tallar caca da hotunan da ba za su faɗu ba a ƙarƙashin hoton mamacin. Baba ya ajiye wayar ya dube ni. Sunan mahaifinsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Abba, me kuka sa a ƙarƙashin hoton bawan Allahn nan?"

Na ce, "Baba, wallahi ba ni na sa ba."

Ya ce, "To makullin a hannun wa yake?"

Ban da amsa. Daren nan, cikin ruɗu, na yi wautar da nake son ɗan kawuna ya guje wa. Na tuna wasiƙar kamfanin, na shiga allonsu, na ɗaga PHP daga 5.6 zuwa 8 kai tsaye, ina zaton ko shi ne maganin. Na koma in duba gidan yanar, sai farin allo fes. Babu hoto, babu sanarwa, babu ma ƙofar shiga. Ga sanyin hunturu amma gumi nake. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne ranar da Baba ya tsaya a tsakiyar shago a 2015 yana duba inda littafinsa yake a da. Ban da kwafin komai. Ko sau ɗaya cikin shekara biyar ban taɓa sauke kwafin ajiya ba, don a tunanina abin da ke intanet ai ya riga ya tsira. Na fi minti ashirin ina kallon allon kafin dabara ta zo mini in mayar da PHP inda yake. Na mayar, gidan ya dawo, har da tallar cacar. Ban taɓa zaton zan yi murnar ganinta ba.

Daga nan na nutsu na fara karatu, da ɗan Turancina na sakandare. Abin da na gano ya fi tallar tayar mini da hankali. Zubin 4.7 da 4.7.1 suna da wata ɓaraka da ke ba kowa damar canza rubutun da ke gidan yanar ba tare da kalmar sirri ba. An toshe ta a 4.7.2 ranar 26 ga Janairu 2017, aka jinkirta sanar da duniya har mako guda don gidaje su samu su sabunta kansu. Da aka sanar a farkon Fabrairu, 'yan dandatsa suka yi ca, cikin 'yan kwanaki suka ɓata shafuka sama da miliyan ɗaya na waɗanda ba su sabunta ba. Na koma can ƙasan sanarwoyinmu, sai ga wata sanarwar ɗaurin aure ta farkon 2017 an goge kanta an rubuta laƙabin wani ɗan dandatsa. Kusan shekara takwas tana nan, babu wanda ya lura. Da can ina cewa waye zai damu da 'yar ƙungiyar 'yan kasuwa a Mubi? Ashe ba mutum ke zaɓa ba. Manhaja suke saki tana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya tana murɗa ƙofa, kamar ɓarawon da ke bin layin rumfuna da daddare yana taɓa kowane kwaɗo.

Na kuma tarar da wani mai gudanarwa a jerin masu izini wanda ba mu muka sa shi ba, da wasu jakunkunan PHP ɓoye cikin burgamin hotuna, inda babu abin da ya kamata ya zauna sai hoto. Ma'anar wannan ita ce wani ya samu damar ganin rajistar da lambobin wayar mutane.

Wannan shi ne ya fi yi mini wuya, domin dole in tsaya gaban dattawa in faɗa. A taron ƙarshen wata na durƙusa na yi bayani. Na ce ban san ko an kwashi lambobin ba, amma an samu damar kwasa, don haka duk wanda aka bugo masa waya da sunan ƙungiya ana neman ya tura kuɗin taimako, kada ya tura sai ya ji muryar ma'aji. Wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya ce a rufe abin kawai, ai ga WhatsApp nan kowa na ciki. Ba zan ce bai da gaskiya ba sam, don sanarwa yanzu ta can ta fi saurin isa. Amma ka nemi sanarwar shekara uku baya a WhatsApp ka gani, balle in wayar mai riƙe da ita ta faɗa ruwa. Baba ma bai goyi bayana ba da farko. Da na ce maganin shi ne a matsa maɓallin nan da aka hana, cewa ya yi da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ƙin tashin ne ya kawo mu nan." Ban saba mayar masa da magana ba, balle a bainar jama'a. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa ma'aji a ba ni kuɗin data.

Ga yadda na yi a karo na biyu. Kafin komai na sauke kwafin rumbun bayanai da na wp-content gaba ɗaya. Hotunan sun yi nauyi, sai da na kwana biyu ina amfani da datar dare, ina lallaɓa batirin kwamfuta saboda wuta. Na ajiye kwafi a kwamfutata, ɗaya a filashi na ba Baba ya sa a akwatinsa, na uku na tura wa yayata da ke aure a Kano. Wanda ya taɓa gudu daga gari ya san dalilin na ukun.

Sannan na kafa gidan a kan kwamfutata na fara gwaji a can, inda in ya fashe babu wanda zai gani. A nan na koyi cewa ba a tsalle ɗaya daga 4.7 zuwa 6.7, wanda shi ne sabo a lokacin, domin shi yana buƙatar aƙalla PHP 7.2, tsohon kuma ba ya tashi a kan PHP 8. Sai dai a bi matakala. Na kashe 'yan maƙale duka. Na sabunta uwar manhajar zuwa 6.2, zubi na ƙarshe da ke yarda da PHP 5.6. Na ɗaga PHP zuwa 7.4, na sabunta zuwa 6.7, sannan na haura PHP 8. Bayan haka na riƙa kunna 'yan maƙalen ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa bayan kowanne, don in wani abu ya karye in san mai laifi. Sau uku na maimaita wannan a kwamfutata kafin na yarda na yi a kan na gaskiya, bayan sallar isha'i, ranar da babu sanarwar da ake jira.

Shi kansa matsa maɓallin bai kai minti biyu ba. Gidan ya rufe kansa ya sa saƙon cewa ana gyara a dawo an jima, ya sauke sababbin jakunkuna, ya nemi izinin gyara rumbun bayanai, shi ke nan. Shekara takwas ana tsoron abin minti biyu. Sai dai kada wani ya ɗauka sabuntawa kaɗai ke korar ɓarawon da ya riga ya shiga. Sabon kwano ba ya fitar da wanda ke kwance bayan buhuna. Sai da na bi burgamin hotuna na goge jakunkunan nan da hannu, na cire baƙon mai gudanarwa, na share tallar daga sanarwoyi, na canza kalmomin sirri duka har da na rumbun bayanai. Na kuma goge layin nan da ya ɗaure wa manhajar hannu.

An yi asara, ba zan ɓoye ba. Hausar da ɗalibin ya rubuta ta tafi kamar yadda ya ji tsoro, na sake sa wadda zan iya a cikin rigar gidan, inda sabuntawa ba ta kaiwa. Allon rubutu ma ya canza, don tun zubi na 5.0 a 2018 aka koma tsarin jera rubutu tubali-tubali, sai da na yi mako ina lalube. Babbar matsalar ita ce ɗan maƙalen da ke riƙe da rajista. Mai shi ya daɗe da watsar da shi, kuma ya ƙi tashi a kan sabon PHP ko ta halin ƙaƙa. Sunayen suna nan lafiya a rumbun bayanai, sai na fitar da su, na buɗe a manhajar lissafi don in gyara jeri, na adana, na zuba a sabon ɗan maƙale. Da na duba sai na ga duk inda akwai harafi mai lanƙwasa ya zama shirme. Ɗahiru ya koma ÆŠahiru. Duk ƙ ta zama Æ™. Ɗambatta, Ƙaraye, Ɗanja, garuruwan iyayenmu, duk sun koma kamar rubutun aljanu. Laifina ne, ban gaya wa manhajar ta karanta jakar da tsarin UTF-8 ba, wanda shi ne ya san haruffanmu.

Daga baya na gane gyaran na minti biyar ne, in koma kan kwafin farko in buɗe shi daidai. Amma a lokacin ban sani ba, sai na ɗauki kwamfuta na je wurin Baba a zaure bayan magariba na ce ya taimaka mini mu bi sunayen ɗaya ɗaya, tunda wasu ban san ko Ɗan ne ko Dan ba.

Na karanta na farko na gyara. Na karanta na biyu, Baba ya ce, "Allah ya jiƙansa, ai shekararsa uku." Na duba, a rajista yana nan da rai, har da lambar waya. Na huɗu ya koma Gombi da iyalinsa. Na bakwai ɗansa ne ke riƙe da shagon yanzu. Wani kuma wanda aka rubuta a nema idan wani abu ya same shi ya riga shi rasuwa. Suna ɗari huɗu da 'yan kai ne a ciki, tun 2016 ana ƙara sababbi a ƙasa, amma babu wanda ya taɓa komawa sama ya duba na da. A daren farko suna talatin kacal muka yi, saboda kowane suna sai Baba ya ba ni labarinsa: wanda suka yi makarantar allo tare, wanda ya ranta masa jari bayan dawowa, wanda suka rabu a hanyar Maiha ranar gudu bai sake ganinsa ba. A dare na uku maƙwabcinmu ya shigo da tabarmarsa, a na biyar mun zama mu shida, har da dattijon da ya ce a rufe abin. Shi ne ma ya fi kowa gardama a kan waye ɗan Bichi waye ɗan Tsanyawa.

A dare na huɗu ne na gano gajeriyar hanyar gyara haruffan. Ban faɗa wa kowa ba. Mun gama a dare na goma sha shida, muka samu mutum 37 da suka rasu suna cikin jerin masu rai. Yanzu ranar Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, ina sauke kwafi, in duba ko akwai abin sabuntawa, in kai wa Baba filashinsa. Shi kuma kafin ya karɓa sai ya faɗa mini wanda ya rasu da wanda ya tashi a watan, in gyara a gabansa.

Ɗan kawu, in ka karanta wannan, fara sauke kwafin tukuna, ka duba zubin da kake kai da na PHP ɗinka, sannan ka bugo mini. Ka sa kati mai yawa wannan karon.